Baƙon Jiya, Mai Masaukin Yau: Tarihin Karɓar Baƙi a Majami'un Hayin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Karin maganar Hausa cike take da zancen baƙo. Mun ce baƙo raɓa ne. Mun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mun kuma ce da ɗan gari akan ci gari. Idan mai karatu ya lura, duk waɗannan maganganu sun ɗauka cewa akwai gari mai ganuwa da masu shi, akwai kuma wani da ya zo daga nesa, zai kwana biyu ya ƙara gaba. To, yaya ke nan idan raɓar ta sauka ta ƙi bushewa? Yaya kuma idan wanda zai tarbi baƙon, shi ma bara ya sauko daga jirgi?

Wannan ita ce tambayar da birnin Kaduna ya yi fiye da shekara ɗari yana amsawa. A wannan muƙala za mu dubi yadda wani ɓangare na mutanen birnin ya amsa ta, wato Kiristocin da ke zaune a hayin kogi ta kudu, a unguwanni irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Narayi da Television da Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora. Da yawa daga cikinmu ta tagar mota kawai muka san waɗannan wurare, a kan hanyarmu ta zuwa Abuja ko Kaciya, alhali kuwa da harshen da muke rubutu da shi ake wa'azi da waƙa da ɗaurin aure da jana'iza a majami'u masu ɗimbin yawa da ke cikinsu. Abin da muke son nunawa shi ne, baƙi ne suka gina waɗannan majami'u domin baƙi, kuma ƙarfinsu ko rauninsu a kowane zamani ya dogara ne a kan saurin da suke mayar da baƙo ɗan gida.

Garin da jirgi ya haifa

Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne a gaɓar kogin, a cikin ƙasar Zazzau. Har yau sunayen Kakuri Gwari da Kakuri Hausa na tuna mana da wannan. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa wurin, ya isa Kano a 1911. A 1917 Turawa suka kwashe hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta Kaduna. Zuwa 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafancan, ya zo ya haɗu da na farko a babbar mahaɗar jirage da ke kudu da kogi. Tun daga lokacin garin ya rabu gida biyu ta fuskar aiki: gidan gwamna da ofisoshi a arewa, tasha da ma'aikatan jirgi da leburori a kudu.

Kiristocin farko da suka zauna a Kaduna ba Turawan mishan ne suka tara su ba. Akawuna ne da masu buga waya da direbobin jirgi da kafintoci da magina, waɗanda suka biyo aiki daga Ikko da ƙasar Yarabawa da ƙasar Ibo, wasu ma daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kowa ya zo da ɗariƙarsa a cikin akwatinsa: Angilika da Baptis da Methodis da Katolika. Tun alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903, cewa ba za a taɓa addinin Musulunci ba, gwamnatin Turawa ta taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda haka ana kallon waɗannan majami'u a matsayin na baƙi, ba su da ruwa da 'yan ƙasa.

A wancan zamani karɓar baƙo abu ne mai sauƙi, domin ɗan garinku ne zai karɓe ka. Bayarabe ya sauka ya nemi inda ake sujada da Yarabanci, Ibo ya nemi inda 'yan'uwansa suke. Amma ɗan Arewa, kuku ne ko soja ko lebura, idan ya shiga sai ya raɓe a bencin baya, a yi a gama bai fahimci komai ba. Darikar Katolika ce ta fara kafa manyan ayyuka a hayin kudu. An mai da Kaduna mazaunin shugabancinta na yankin a 1934, a 1940 sistoci suka buɗe makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri, wadda ta koma Kwalejin Sarauniya Amina bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a 1972, sannan a 1957 aka buɗe asibitin Saint Gerard a unguwar.

Hausa ta zama tabarma

Su kansu Turawan mishan sun ɗanɗani rashin masauki. Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara aikin da ya zama SIM, a Girku ya rasu a 1894. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami tawagar Bishop Tugwell, wadda Likita Miller ke cikinta, tun ba su huce gajiya ba. Da ƙofofin birane suka ƙi buɗuwa, sai akasarin 'yan mishan suka juya ga al'ummomin da ba Musulmi ba. SUM ta fara a Wase a 1904 ta bazu a ƙasar Filato da Binuwai da Adamawa. SIM ta zauna a Kwoi a 1910, daga baya ta shiga Kagoro. Mishan ɗin 'Yan'uwa ya sauka Garkiɗa a 1923.

Harsunan waɗannan wurare sun fi gaban ƙirga, ga ma'aikata kaɗan, don haka yawancin ƙungiyoyin suka rungumi Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga kuma Littafin Waƙoƙi da ya shiga kusan kowane ƙauye mai majami'a. Abin lura a nan shi ne, harshen da kakannin mutane da yawa suka sani a bakin mai karɓar haraji da maharin bayi, shi ne ya zama harshen addu'ar jikokinsu. Sakamakon haka, yaro daga ƙasar Jaba da wani daga ƙasar Angas da Babure da Bacama, waɗanda ba za su iya gaisawa da harshen iyayensu ba, idan suka haɗu a Kaduna sai su buɗe littafi ɗaya su ɗauki waƙa ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a shekarun 1950 da gwamnatin Jihar Arewa ta dage wajen ɗaukar 'yan Arewa aiki, irin waɗannan samari suka riƙa kwararowa hedkwata a matsayin 'yan sanda da sojoji da masinjoji da malaman asibiti da ƙananan akawuna. Waɗanda suka fito daga ƙasashen SIM suka taru a ƙarƙashin ECWA, wadda aka kafa a 1954. Su kuwa waɗanda suka fito daga rassan SUM da maƙwabtansu, ikilisiyoyinsu na gida sun sha bamban: wasu Lutheran ne, wasu na 'Yan'uwa, wasu na yi wa jarirai baftisma, wasu sai mutum ya girma. Ba wata ƙungiya a cikinsu da ke da yawan da za ta tsaya ita kaɗai a Kaduna, sai suka haɗu suna sujada wuri ɗaya da Hausa, ikilisiyoyin tarayyarsu, wadda aka kafa a 1955 kuma aka sani yanzu da TEKAN, suna taimaka musu da fastoci. Wannan taro ne ya zama Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya, wato HEKAN, mai hedkwata a Kaduna. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan: ikilisiya sukutum wadda ba ta da ƙauyen asali, baƙunta ce ta haife ta.

Zamanin masaƙa

Abin da ya cika hayin kudu da mutane shi ne masana'antu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Kafin tsakiyar shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles sun biyo baya, ga masana'antar makamai ta soja. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci, a 1980 aka buɗe matatar mai. Dubban samari daga Kudancin Zariya, Bajju da Atyap da Ham da Adara da mutanen Kagoro, da wasu daga Filato da ƙasar Tibi da Idoma da Igala da Zuru, suka sauka da akwatin ƙarfe ɗaya da sunan wani ɗan'uwa a baki.

A wannan zamani ne tsarin karɓar baƙo ya zauna da gindinsa, kuma yana da matakai. Na farko takarda ce. Mai barin gida yakan je wurin fastonsa ko mai bishara ko katikis ya karɓi takardar shaida, wadda ke nuna ko an yi masa baftisma, ko yana cin Jibin Ubangiji, ko kuwa yana ƙarƙashin horon ikilisiya. Ran Lahadi, bayan sanarwa, magatakarda zai nemi baƙi su miƙe, kowa ya faɗi sunansa da garinsu da majami'ar da ya fito, ya kuma faɗi ko wucewa yake ko zama ya zo yi. Mai wucewa akan ba shi saƙon gaisuwa ya kai gida. Mai zama kuwa, da an tashi dattawa za su karɓi takardarsa, kuma da wuya ya fita harabar ba tare da wani mai jin harshensu ya riƙe masa hannu ba.

Mataki na biyu ba a cikin majami'a ake yin sa ba. Ana nema wa baƙo gefen tabarma a ɗakin wani gwauro, a ci da shi har ya ga albashin farko. Dattijon da ke da ɗan muƙami a masaƙa zai sa kunne ya ji ranar da za a ɗauki sababbin ma'aikata. A taƙaice, dattijon ikilisiya ya ɗauki aikin da fatoma ke yi wa fatake a zango: ya saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya ɗauki nauyin halinsa a gaban jama'a. Idan yaro ya lalace da shan burkutu ko bin banza, labari zai riga shi isa ƙauye ta hannun dattijon nan.

Amma ƙashin bayan al'amarin mata ne. Saurayi ya yi shekara biyu ko uku, sai ya koma gida ya ɗauko amarya, yarinyar da wataƙila ba ta taɓa kwana a gidan haya ba, ga miji na aikin dare. Zumuntar Mata ce ke zuwa ta gaishe ta, ta nuna mata kasuwa da asibiti da inda ake ɗiban ruwa, ta sa ta a adashi. In ta haihu su ne masu dafa ruwan wanka da dama kunu, a madadin uwar da ke nesa. Ranar da ta ɗaura zanen zumunta, ta tsaya a sahu ana kaɗa tulu da caki, ranar ta san ta sami dangi. Waƙoƙin waɗannan mata, waɗanda su ke ƙirƙira abinsu da Hausa a kan karin gargajiyar garuruwansu, wani babban reshe ne na adabin baka da har yanzu ba mu ba shi haƙƙinsa na nazari ba. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka fara a 1963, ya ƙara wa wannan ƙarfi, domin ya koya wa talakan mai bi cewa ziyarar gida gida da taron addu'a na unguwa aikinsa ne, ba sai fasto ba.

Mataki na ƙarshe shi ne a ba baƙo aiki. Wani a ba shi shara, wani buga ƙararrawa, wadda sau da yawa guntun ƙarfen dogo ce ko bakin tayar mota a rataye a bishiya. Mai murya ya shiga cikin mawaƙa, mai ɗan ilimi ya koyar da yara a makarantar Lahadi, wanda ba a yi wa baftisma ba ya shiga aji. Muddin ana ce wa mutum ya zauna ya huta, to baƙo ne. Ranar da aka miƙa masa tsintsiya, aka kuma yi masa faɗa don ya makara, ya zama ɗan gida, kuma baɗi shi za a tura tasha ya tarbo wani.

Duk da haka akwai alamu biyu da ke nuna cewa zukata ba su gama sauka ba. Da Kirsimeti unguwanni kan yi fayau, kowa ya tafi gida. In kuma mutum ya rasu, ikilisiya da ƙungiyar garinsu za su haɗa kuɗin mota a kai gawa ƙauye. Mutum ya yi shekara talatin a Kakuri, amma kabarinsa na Zonkwa ko Pankshin.

Benci ya zama wayam

A watan Mayu da kuma ƙarshen Satumba na 1966 aka yi kashe-kashen da suka sa Ibo suka bar Arewa, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Majami'un Katolika da na Angilika a Kaduna, waɗanda Ibo ne suka fi yawa a cikinsu, suka wayi gari benci wayam, babu mawaƙa, babu 'yan kwamiti, babu masu ba da baiko mai kauri. Waɗanda ke raɓe a baya dole suka matso gaba. An yi dace kuma, babban taron Fadar Paparoma na 1962 zuwa 1965 ya ba da izinin yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin, sai Hausa ta hau bagadi.

Da yaƙi ya ƙare, waɗanda suka dawo suka tarar da kansu baƙi a majami'un da iyayensu suka gina da guminsu, suna miƙewa suna faɗin sunansu a gaban mutanen da a da su ne ke nuna musu wurin zama. Ba ƙaramin haƙuri aka yi ba ta kowane ɓangare. Maganin da aka samu shi ne raba lokaci, sujada ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci. A 1975 Peter Jatau, ɗan Kudancin Zariya, ya zama Babban Bishop na Katolika a Kaduna, ɗan ƙasa na farko a kujerar, kuma shi ya tarbi Paparoma John Paul na Biyu a birnin a Fabrairun 1982. Cikin shekara ashirin baƙon bencin baya ya zama mai masaukin Paparoma.

Raba sujada ya kashe wata wutar, ya kuma kunna wata. A hankali sashen Turanci ya zama na ma'aikatan ofis da 'yan boko da yaran da aka haifa a birni, sashen Hausa ya zama na leburori da tsofaffi da sababbin zuwa daga ƙauye. Mutum biyu na iya shekara goma a majami'a ɗaya ba su taɓa zama benci ɗaya ba.

Ƙofa mai faɗi

A shekarun 1980 wani sabon salo ya shigo da majami'un Fentikos. A Kaduna David Oyedepo ya kafa majami'ar Living Faith a Disambar 1983, kuma babbar cibiyarta ta farko a Barnawa take, kafin hedkwata ta koma Ikko. Irin waɗannan majami'u ba sa tambayar takarda, ba sa tambayar ƙabila. Wanda ya zo karo na farko akan tashe shi a yi masa tafi da waƙa, a ba shi kati ya rubuta sunansa da kwatancen gidansa, kafin mako ya zagayo an ziyarce shi an haɗa shi da ƙaramin taron addu'a na layinsu. Wannan ya dace da matasan da aka haifa a Kaduna, waɗanda ba su da wani fasto a ƙauye da zai rubuta musu shaida, ya kuma dace da zamanin tsuke bakin aljihu da ya fara a 1986, lokacin da kowa ke neman wanda zai ce masa gobe za ta yi kyau.

Ribar wannan salo a fili take, domin ya ture shingen asali, har tsofaffin majami'u suka kwaikwayi katin da ziyarar. Amma ƙofar da ke da sauƙin shiga tana da sauƙin fita. A tsohon tsari, in mutum ya yi Lahadi biyu ba a gan shi ba, dattijon da ya tsaya masa zai je ya ji ko lafiya. A taron dubbai kuwa mutum na iya ɓacewa ba wanda ya lura. A daidai wannan lokaci kuma ikilisiyoyin gida, waɗanda a da suka bar 'ya'yansu a hannun HEKAN, suka fara buɗe nasu rassan a Kaduna ɗaya bayan ɗaya. Yawa ya sa kowa ya iya tsayawa da ƙafarsa, sai aka koma gidan jiya: baƙo ya sauka ya tambayi inda mutanen garinsu ke sujada.

Kogi ya zama iyaka

Rikicin Kafancan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 duk sun fantsamo Kaduna, amma wanda ya sauya taswirar birnin shi ne na shari'a, wanda ya ɓarke ran 21 ga Fabrairu, 2000, ya sake tashi a watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, wasu masu bincike suka ce sun kai 2,000 ko fiye. A Nuwambar 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci kimanin mutum 250. Kiristoci da yawa suka bar Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Badarawa suka ƙetaro kudu, Musulmi da yawa suka bar Sabon Tasha da Television da Romi da Narayi suka ƙetara arewa. An sayar da gidaje da arha, wasu ma musanya aka yi. Rabuwar ba ta zama ɗari bisa ɗari ba, domin akwai Musulmi a Makera da Kakuri da Barnawa, akwai Kiristoci a Malali da Kabala, amma ta kai har mutane na kiran ɓangarorin biyu Makka da Urushalima.

Majami'un kudu suka sami wani irin baƙo da ba su saba da shi ba: haifaffen Kaduna, wani ma dattijo ne ko magatakarda a majami'arsa da aka ƙone, ya zo da iyali ba ko tabarma. Aka kwana a azuzuwan makarantu da cikin majami'u, Zumuntar Mata ta ɗora manyan tukwane. Wasu ikilisiyoyi ɗungurungum suka ƙaura da sunansu da littafin rajistarsu suka sake gini a sababbin unguwanni. Sai dai wannan karon babu masaƙar da za a kai baƙo. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, dattawan da suka yi shekaru suna sama wa wasu aiki suka koma masu jiran haƙƙinsu, da yawa har suka mutu ba su gani ba.

Sannan tsoro ya zo bakin ƙofa. Ran 17 ga Yuni, 2012, aka kai harin bam a majami'ar Shalom da ke Tirkaniya da wasu biyu a Zariya, a Oktoban shekarar aka kai wa ta Saint Rita a Malali. Daga nan aka kafa shingaye, 'yan Birged da matasa suka riƙa laluben masu shiga da na'ura, wurare da dama aka hana mata shiga da manyan jakunkuna. Baƙuwar fuska, wadda a da ake rububin tarba, ta zama abar tuhuma. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen: a ranar harin Yuni, matasa sun tare hanyar Abuja a Gonin Gora sun kashe matafiya Musulmi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Matafiyi shi ne baƙo na asali, kuma jininsa tabo ne a tarihin da muke bayarwa.

Baƙi ba su daina zuwa ba. Bayan Boko Haram ta mamaye yankin Mubi a 2014, da hare-haren ƙasar Kajuru a 2019, da satar mutane a ƙauyukan Cikun, wadda ta kai ga kwashe ɗalibai fiye da 100 na makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021, manoma da gwauraye da marayu suka riƙa shigowa unguwannin gefen gari. Yawancinsu ba a sansani suka sauka ba, a ɗakunan 'yan'uwa da 'yan majami'a suka sauka.

Baƙon da ya fi wuyar saukarwa

Akwai mutum biyu da wannan tarihi ya bar su a tsaye. Na farko shi ne Bahaushe Kirista, ko jikan mutanen Wusasa ne, ko daga Maguzawan Kano da Katsina ya fito, ko kuwa sabon shiga ne. Da harshen uwarsa ake sujada, amma sunansa da rigarsa da lafazinsa kan sa a dube shi sau biyu a bakin ƙofa, a wajen danginsa kuma ana yi masa kallon wanda ya bar gida. Na biyu shi ne maƙwabci Musulmi, wanda a zamanin gidan haya na Kakuri yakan zo ɗaurin aure da jana'iza, a aika masa shinkafar Kirsimeti ya aiko da naman layya. Yaran da aka haifa bayan 2000 da yawa sun girma ba su san wannan ba.

Akwai masu ƙoƙarin gyara. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, sun kafa cibiyar sulhu a 1995, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya har shugabannin addinai 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. A Sabon Tasha, Fasto Yohanna Buru ya yi shekaru yana tarbar Musulmi, malamai da mata da matasa, a majami'arsa ranar Kirsimeti. Labarin Annabi Ibrahim da baƙinsa, yadda ya gaggauta yanka musu ɗan maraƙi tun bai san ko su wane ne ba, yana cikin littattafan ɓangarorin biyu, kuma kowane yaro a hayin arewa da na kudu ya ji shi.

Kammalawa

Mun ga yadda akawun jirgi ya saukar da ɗan garinsu, ma'aikacin masaƙa ya saukar da ƙanensa, wanda aka saukar jiya ya saukar da ɗan gudun hijira. Duk lokacin da aka ba baƙo aiki da murya, ikilisiya ta yi ƙarfi. Duk lokacin da aka tsaya tambayar asalinsa, ta tsage gida gida.

Saura aikinmu na marubuta. Ba kasafai littattafanmu na hikaya ke ƙetara gadar Kaduna ba, in ma sun ƙetara, mutanen can sukan fito ne a matsayin inuwa, ba suna ba dangi. Alhali akwai Hausa a can mai ɗanɗanon kanta. Baiko a Kano zancen aure ne, a Sabon Tasha abin da aka sa a kwanon majami'a ne. Sujada a wurin Musulmi goshi ne a ƙasa, a can kuwa dukan ibadar Lahadi ce. Zumunta ta tashi daga tsakanin dangi na jini ta zama sunan ƙungiya mai shugaba da ma'aji. Littattafan rajista da na bayanan taron dattawa, waɗanda aka rubuta da hannu da Hausa, suna nan a akwatunan majami'u, gara na ci. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa da iyayen zumunta da suka ga 1966 da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Matashin marubuci da ke neman abin rubutu, ya ɗauki littafinsa da alƙalami ya shiga motar Kakuri, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Mutanen da suka yi shekara ɗari suna saukar da baƙi ba za su rasa inda za su zaunar da shi ba. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, hayin arewa da hayin kudu.